Cocin ƙaramin gari zai iya girma kuwa? Amsa daga tarihin Herrnhut

Tambaya: Ni ne magatakardan ikilisiyarmu. Garinmu ƙarami ne. Cocin ya haura shekara 40 da kafuwa, amma ranar Lahadi da ƙyar muke cika mutum 150. Yaran da muka yi wa baftisma, da sun gama makaranta sai birni. Ga kuma tsohuwar rashin jituwa tsakanin gidaje biyun da suka kafa cocin, har ta hana mu ƙarasa ginin da muka fara. A tarihi an taɓa samun cocin ƙaramin gari da ya girma? Ta yaya?

Amsa: Salama gare ka, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar gidaje biyun nan da ka sa a ƙarshe kamar ƙaramar magana. A ganina ita ce babbar. Na daɗe ina koyar da tarihin ikilisiya, kuma duk sa'ad da aka yi mini irin tambayarka, labarin gari ɗaya nake fara bayarwa, domin su ma da rikici suka fara, kuma mutanensu ba su fi naku yawa da wani abin kirki ba a lokacin da al'amarinsu ya juya.

Sunan garin Herrnhut, a gabashin Jamus, kusa da iyakar ƙasar Cek da Polan. Tushen mutanensa tsoho ne. Bayan an ƙone Jan Hus, mai wa'azin gyaran ikilisiya, a birnin Konstanz a 1415, wasu daga cikin mabiyansa suka kafa ikilisiyarsu a 1457 a ƙauyen Kunvald na Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, suka kira ta Haɗin Kan 'Yan'uwa. Ta yi ƙarfi ƙwarai, har aka ci Furotestan ɗin Bohemiya da yaƙi a 1620, aka rufe majami'unsu, aka kori limamansu. Waɗanda suka rage a ƙauyukan Morabiya, maƙwabciyar Bohemiya, suka shiga sujada a ɓoye, uba na miƙa wa ɗa, har shekara 100. A 1722 wani kafinta mai suna Christian David ya sami izini daga wani matashin basarake, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, mai shekara 22, cewa 'yan gudun hijira za su iya zama a ƙasarsa ta Berthelsdorf. Ya je ya ɗebo mutum kusan goma, galibinsu 'yan gida ɗaya, iyalan wasu 'yan'uwa biyu maƙeran wuƙa. Ranar 17 ga Yuni, 1722, ya sare itace na farko a wani kurmi a bakin hanyar da ta haɗa Löbau da Zittau, yana karanta ayar nan ta Zabura 84 mai maganar ɗan tsuntsu da ya sami sheƙa kusa da bagadin Allah. Sunan da aka sa wa wurin yana nufin ƙarƙashin tsaron Ubangiji.

Ka lura, ba su da coci a lokacin. Ranar Lahadi tattaki suke yi zuwa majami'ar Lutheran ta Berthelsdorf, inda Fasto Johann Andreas Rothe yake wa'azi.

Da labari ya bazu cewa akwai wurin da ba a tsananta wa kowa saboda bangaskiyarsa, sai mutane suka yi ta kwararowa. Cikin shekara biyar sun kai kusan 300. A nan ne fa aka shiga uku, domin ba 'yan Morabiya kaɗai suka zo ba. Akwai 'yan Lutheran, akwai mabiyan Calvin, akwai waɗanda suka ɓalle daga kowace ɗariƙa suna ganin su kaɗai ne a kan gaskiya. Kowa ya sha wuya saboda abin da ya gaskata, saboda haka ba mai niyyar sassautawa ko da taƙi. Suka yi ta gardama a kan zaɓen Allah, da yadda za a ci Jibin Ubangiji, da tsarin sujada. Wani mai suna Krüger ya shigo garin ya fara shelar cewa Zinzendorf shi ne dabbar nan ta littafin Ru'ya, Fasto Rothe kuma annabin ƙarya. Abin baƙin ciki, Christian David da kansa, wanda ya sare itacen farko, ya bi wannan ra'ayi, ya fita bayan gari ya gina bukkarsa, yana jiran hukunci ya sauko wa garin da ya kafa da hannunsa. Ina son ka riƙe wannan, ɗan'uwa. Waɗanda suka kafa ikilisiya su ne suka fi kowa iya rushe ta, saboda su ne suka fi kowa jin cewa tasu ce.

Abin da Zinzendorf ya yi ba wani abin mamaki ba ne a ido, amma a nan ne duk sirrin yake. Ya ajiye aikinsa na fadar Dresden a 1727, ya tare a cikin garin, ya shiga bin gida gida. Yana zama da kowane iyali, yana sauraron ƙorafinsu har su gama, yana buɗe Littafi Mai Tsarki tare da su. Yana da ikon korar duk wanda ya ga dama, tunda ƙasar tasa ce, amma bai yi ba. Ranar 12 ga Mayu, 1727, ya tara jama'ar duka ya karanta musu wata yarjejeniya ta zaman 'yan'uwa, kowa ya ba da hannu ya amince. Yarjejeniyar ba ta yanke hukunci a kan wa ya yi daidai a gardamar tauhidi ba. Zaman yau da kullum ta tsara: yadda za a sasanta idan an saɓa, a daina yi da mutum a bayansa, kowa ya ci daga aikin hannunsa, a kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya. Aka zaɓi dattawa 12, kuma Christian David yana cikinsu. Mutumin da ya yi wa garin fatan halaka jiya, yau an ba shi kujera. Da an ce sai an kunyata shi tukuna, da wataƙila labarin ya ƙare a nan.

A watannin nan ne kuma Zinzendorf ya ci karo, a ɗakin karatu na Zittau, da tsohon tsarin horon ikilisiyar kakanninsu wanda Bishop Comenius ya buga tun ƙarnin da ya wuce. Da ya karanta musu, suka ga ashe abin da suka amince a kai ya yi kama da abin da iyayensu suka rayu a kai. Wannan ya ƙara ɗaure su. Kai magatakarda ne, to ka ji amfanin ajiye takarda.

Sai ranar Laraba, 13 ga Agusta, 1727. Suka gangara Berthelsdorf domin Jibin Ubangiji, waɗanda suka daɗe ba sa ga-maciji suka yi tafiyar tare. A cikin majami'ar kuka ya rinjayi waƙa, mutane suna neman gafarar juna. Sun rubuta daga baya cewa a ranar ne suka koyi ƙaunar juna, kuma har yau ikilisiyar Morabiya, wato ɗariƙar da ta fito daga Herrnhut, tana ɗaukar ranar a matsayin ranar sake haihuwarta. Masu wa'azin falkaswa suna son ba da labarin 13 ga Agusta, kuma na gaskata aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Amma yana damuna idan aka tsallake watannin bin gida gida da yarjejeniyar Mayu, aka nuna kamar abin ya faɗo ne kawai daga sama a kan mutanen da ba su gyara komai ba. Yesu ya ce idan ka kawo baikonka gaban bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wannan tsari suka bi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi da wutar bayan ta kama. Falkaswa da yawa sun zo sun wuce kamar ruwan sama a kan dutse. Waɗannan sai suka haƙa mata magudana. Tun a watan Yuli sun fara rarraba kansu ƙananan ƙungiyoyi, mutum uku, biyar ko ɗan fiye, maza daban mata daban, suna haɗuwa a mako su faɗa wa juna gaskiyar halin da zuciyarsu ke ciki. Makonni biyu bayan 13 ga Agusta, maza 24 da mata 24 suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu domin kada addu'a ta yanke, kuma wannan sarƙar addu'a ta ci gaba fiye da shekara 100. A 1728 Zinzendorf ya fara ba su aya guda ta kowace rana, ana bi gida gida ana faɗa. Tun 1731 ake buga waɗannan ayoyi a littafi kowace shekara ba fashi, yanzu cikin harsuna fiye da 50. Aiki kuma ya bazu a hannun mutane da yawa: masu ziyarar marasa lafiya, masu gargaɗi, masu kula da matalauta, masu koyarwa. A 1730 aka ɗora wata yarinya, Anna Nitschmann, mai shekara 14, a kan jagorancin mata. Ba na ce ku yi haka ba, amma ka ga irin yadda suka yarda cewa baiwa ba ta tsaya a gida ɗaya ko tsara ɗaya ba.

Yanzu ga maganar yaranku masu tafiya birni.

A 1731 Zinzendorf ya je Kofanhegan bikin naɗin Sarki Christian na 6 na Danmak. A can ya gamu da wani baƙar fata, Anthony Ulrich, wanda ya yi bauta a tsibirin St Thomas na Karibiyan, ya ba shi labarin 'yan'uwansa da ke gonakin rake ba mai kai musu bishara. Anthony ya zo Herrnhut ya maimaita labarin a gaban jama'a. Ranar 21 ga Agusta, 1732, mutum biyu suka kama hanya: Leonard Dober, maginin tukwane, da David Nitschmann, kafinta. Suka isa tsibirin a watan Disamba. Za ka ji ana cewa sun sayar da kansu bayi. Sun dai nuna a shirye suke, amma hakan bai faru ba, kuma gaskiyar labarin ta isa ba sai an ƙara mata gishiri ba. Bayansu wasu suka tafi Girinlan a 1733, Surinam a 1735, Afirka ta Kudu a 1737, inda Georg Schmidt ya zauna cikin mutanen Khoi. Farashin ya yi tsada. Cikin mutum 18 da aka aika tsibirin St Croix a 1734, goma suka mutu cikin ɗan lokaci, amma wasu suka tashi suka maye gurbinsu. Kafin Zinzendorf ya rasu a 1760, an aika masu bishara 226. Galibinsu masu sana'ar hannu ne, da sana'arsu suke ci a inda suka je.

Har waɗanda ba su shiga ɗariƙarsu ba sun sha daga rijiyarsu. John Wesley, wanda daga baya ya kafa Methodist, ya haɗu da su a jirgin ruwa zuwa Jojiya ta Amurka, ya ga suna raira waƙa cikin hadari a Janairun 1736 alhali shi tsoro ya kama shi. Wani ɗan Morabiya, Peter Böhler, ya yi ta zama da shi a Landan har farkon watan Mayu, 1738, kuma a daren 24 ga watan zuciyar Wesley ta sami tabbaci. A watan Agusta na shekarar ya yi tattaki har Herrnhut ya gani da idonsa. Wani ɓangare na tsarin ƙananan ƙungiyoyi na Methodist daga nan ya samo asali.

To, garin kansa fa, ya girma? Bai wani girma ba. Yau ma mutanensa 'yan dubbai ne. Amma ikilisiyar Morabiya ta haura mutum miliyan ɗaya a duniya, mafi yawansu a Afirka, musamman Tanzaniya, inda aikinsu ya fara a 1891 a Rungwe. A 2024 hukumar UNESCO ta sa Herrnhut cikin wuraren tarihi na duniya. Da magatakardansu ya tsaya ƙirga kawunan da ke kan benci kawai, da ya rubuta cewa ikilisiya tana zubar da 'ya'yanta. Gari ƙarami yana da iyakar mutanen da zai iya ciyarwa, kuma ba laifin fasto ba ne idan saurayi ya tafi inda zai sami aiki. Tambayar ita ce yadda ya tafi: ya sulale ne ba wanda ya sani, ko an kira shi gaba an ɗibiya masa hannu, an ba shi wasiƙa zuwa wata ikilisiya, an ci gaba da neman labarinsa? A Herrnhut wasiƙun waɗanda suka tafi ana karanta su a gaban jama'a a ranaku na musamman, saboda haka wanda ke Girinlan bai taɓa fita daga lissafi ba.

Batun gini kuma, ga abin da zai ba ka haƙuri. Babban ɗakin sujadarsu sai a 1756 zuwa 1757 aka gina shi, shekara 34 bayan saran itacen farko, bayan sun riga sun aika mutane nahiyoyi da dama. Kafin nan a wani zaure cikin gidan jama'a suke taruwa. Da suka gina shi ma, fari ne fat, ba ado, ba dogon mumbari, sai tebur da bencina. Ya ƙone a watan Mayu na 1945 a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, suka sake gina shi. A maƙabartarsu kuwa duwatsun kabarin jama'a a kwance suke, kusan girma ɗaya, ana jera mutane bisa ranar mutuwarsu, ba bisa gidan da suka fito ba. A can ne samarinsu suka fara sujadar fitowar rana ta Ista a 1732.

Ba zan ɓoye maka inda suka yi tuntuɓe ba, domin tarihin da ba laifi a cikinsa ba ya koya wa kowa komai. Hukumar Saksoni, ƙasar da Herrnhut ke ciki, ta kori Zinzendorf a 1736, bai sami izinin dawowa ba sai 1747. A sabon mazauninsu na Herrnhaag, a ƙarshen shekarun 1740, ibada ta zarce iyaka ta koma son jin daɗin zuciya da kalmomi marasa kan gado, har su da kansu suka kira lokacin da sunan lokacin sheƙewa, kamar yadda ake sheƙe alkama. Sun ci bashi mai nauyi wajen gine-gine da tafiye-tafiye, sai da suka shafe shekaru masu yawa bayan rasuwar Zinzendorf suna biya, ƙarƙashin jagorancin mutane masu natsuwa irin su August Spangenberg. Kasuwancin da Abraham Dürninger ya karɓa a 1747 ya bunƙasa ya taimaka wajen riƙe garin. Mafi muni, a St Thomas sun sayi gona tare da bayinta, suka zama masu bayi a wurin da suka je domin bayi. Wannan tabo ne, kuma ikilisiyar ta yanzu ta yarda da hakan. Sannan dokar da suka kafa cewa ba mai zama a garin sai da izini, sau da yawa ma sai an jefa ƙuri'a ta neman nufin Allah, ba ta zaɓe ba, ta tsare tsabtar zumuncinsu amma ta rufe ƙofa ga maƙwabta. Wannan kada ku kwaikwaya.

Kada kuma ka ɗauka Herrnhut kaɗai ce. A Kidderminster, garin masaƙa a Ingila, Richard Baxter ya ware ranaku biyu a mako yana zama da iyalai 15 ko 16, har ya zagaye gidaje kusan 800 a shekara, kuma sai da aka ƙara wa majami'ar benaye biyar na zama. A Ars, ƙauyen Faransa mai mutum kusan 230, Jean-Marie Vianney ya iso a 1818, shi ma da ziyarar gidaje ya fara. A Hermannsburg, wani ƙauyen manoma a arewacin Jamus, Fasto Louis Harms ya buɗe makarantar masu bishara a 1849, a 1853 kuma suka ƙaddamar da jirgin ruwansu zuwa Afirka. Ɗariƙu daban, ƙasashe daban, amma ƙafar makiyayi a ƙofar gida tana nan a mafarin kusan kowane labari. Akwai kuma na gargaɗi. A Northampton ta Amurka, mutum kusan 300 suka tuba cikin 'yan watanni a 1734 zuwa 1735 ƙarƙashin Jonathan Edwards, amma a 1750 wannan ikilisiya ta sallame shi bayan doguwar gardama a kan wanda ya cancanci cin Jibin Ubangiji. Yawan tuba bai share tsofaffin ɓangarorin garin ba.

Adadin nan naku na 150 ma yana da magana. A 1983 wani malamin cocin Episkofal a Amurka, Arlin Rothauge, ya bayyana cewa ikilisiya mai ƙasa da mutum 50 takan tafi kamar gida ɗaya, iyayen da suka kafa ta ke da ta cewa. Daga 50 zuwa 150 komai yakan rataya a wuyan fasto. Daga nan zuwa sama kuwa mutum ɗaya ba zai iya sanin kowa da damuwarsa ba, dole a raba aiki. Ba doka ba ce daga sama, amma na ga gaskiyarta sau da yawa. Daga abin da ka rubuta, ina zargin kun kai bakin mataki na uku da yawanku, amma har yanzu ana mulkinku da tsarin mataki na farko. Baƙo ya shigo, ya yi wata shida, ya gane cewa kowace shawara sai ta bi ta ɗaya daga gidaje biyu, sai ya koma bencin baya, daga nan ya daina zuwa.

Saboda haka da ni ne, ɗan'uwa, zan roƙi majalisar dattawa a dakatar da maganar gini na ɗan lokaci. Ba gini ne ya raba ku ba, kuma rufin kwano ba zai haɗa ku ba. Fasto da dattijo guda da kowane ɓangare ke ganin girmansa su shiga gidajen nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, su saurara ba tare da yanke hukunci ba, ko da zai ɗauki watanni. In rikicin ya shafi faston kansa, a nemo wani daga shugabannin ɗariƙarku. Abin da aka amince a kai a rubuta shi gajere, a karanta a gaban ikilisiya, kuma kada a bar kowa ya fita a matsayin wanda aka kayar. Kujerun aiki a buɗe su ga waɗanda ba 'yan gidajen ba, har da mata da matasa.

Kai kuma naka aikin yana cikin akwatin da ke hannunka. Ɗauko littafin baftisma tun daga shafin farko, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta inda kowa yake yau da cocin da yake zuwa, wanda kuma ya daina zuwa ko'ina ka sa masa alama domin a neme shi. Sannan ka je wurin tsofaffin da suka ga farkon cocin, daga gidajen biyu duka, tun suna da rai da ƙarfin magana. Ka tambaye su a ina aka yi sujadar farko, su wa suka zauna a wurin, wa ya ba da fili, wa ya ɗauki wa a kafaɗa lokacin da aka sha wuya. Ka rubuta yadda suka faɗa, ka sa kwanan wata. Idan ka gama, ka nemi izinin karanta shi a ranar da za a karanta yarjejeniyar, kafin a raba gurasa.